Kakin Zuma a Rufin Motar Baba

Ban riƙe wani littafi ina rubuta abin da ke faruwa a wancan lokacin ba, don haka duk abin da zan faɗa a nan daga ƙwaƙwalwa na ɗauko shi, ita kuwa tawa ba ta cika riƙe jerin kwanaki ba. Mai yiwuwa in sa Talata a inda Laraba take, ko in ɗora wa wani maganar da wani ne ya yi ta. Abin da nake da tabbaci a kai kaɗan ne: mota ce, rufinta na yadi ne, ni na gyara shi, kuma an yi ruwa.

Motar ta mahaifina ce. Ƙarama ce mai ƙofa biyu, ruwan toka, kuma ta girme ni. Baba ya saye ta tun yana malamin gona, daga hannun wani injiniya da ya gama aiki a wajen madatsar ruwa ta ƙasar Bebeji zai koma garinsu. Abin da ya raba ta da kowace mota a Kiru shi ne samanta. Ba ƙarfe ba ne, baƙin yadi ne mai kauri da aka shimfiɗa a kan wasu sanduna masu lanƙwasuwa. Idan aka zare maƙalai biyu da ke saman gilashin gaba, sai ya naɗe baya kamar lema. A bayansa akwai taga ta roba mai haske, wadda tun ina yaro ta fara komawa ruwan ƙwai. Mutanen gari mai hula suke ce mata.

Da kaka, bayan la'asar, Baba yakan naɗe rufin ya bi hanyar Badafi a hankali, yana duban dawa dama da hagu, yana gaisawa da masu aiki ba tare da ya tsaya ba. Wani lokaci yakan taka birki ya miƙe tsaye a cikin motar don ya hango tsakiyar gonar wani. Ya sha faɗa mana cewa motar da ba a ganin gona daga cikinta ba ta malamin gona ba ce.

Shekarar da nake magana a kai, na dawo gida bayan hidimar ƙasa da takardar digiri a kan ilimin sinadarai, ba aiki. Na tarar Baba ya yi doguwar jinyar ƙirji, ya kwashe kusan duk rani a kwance. Ya samu sauƙi, amma ya rame, kuma likita ya ja kunne cewa a kiyaye shi da sanyi da jiƙewa. Motar tana ajiye a filin bayan gida kusa da rumbuna, ba mai tayar da ita sai yayana, shi ma jefi-jefi, don kada batirin ya mutu.

Da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, washegari muka tarar da kujerun sun sha ruwa, har ya taru a ƙasa wajen da ake ajiye ƙafa. Yaya ya tsaya yana kallo. Shi manomi ne, yana kuma harkar hatsi, ba ya son abin da za a yi ta lallaɓawa. A gaban Baba ya ce maganin abin ɗaya ne: a kai ta wurin mai walda, a yanke sandunan, a ɗora mata rufin kwano a manne shi har abada. Ya ce ba zai zuba ido ruwa ya zubo wa Baba a ka ba saboda wani tsohon ƙyalle.

Ban ga laifin Yaya ba, har yanzu ma ban gani ba. Gaskiya ya faɗa. Amma na dubi Baba na ga bai yi musu ba, sai dai ya juya fuskarsa wajen rumbu, yana murza carbinsa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce ina ganin, idan ba damuwa, watakila zan iya gwadawa.

"Gwada me?" in ji Yaya.

"Rufin. In hana shi yoyo."

"Furofesa, a makarantar taku har ɗinkin lema ake koyarwa?"

Baba ya yi murmushi, shi ne na farko da na gani a fuskarsa tun dawowata. Daga nan aka yi sharaɗi. Baba yana son zuwa Doguwa ya gano ƙanwarsa, Gwaggo, wadda ciwon ƙafa ya hana ta zuwa duba shi duk tsawon jinyarsa. An sa tafiyar nan da mako uku ko kusan haka, lokacin da marka ta kankama. Yaya ya ce za a tafi a motar. Idan ruwa ya taɓa Baba a hanya, ko ɗigo ɗaya ne, daga dawowa sai wurin mai walda. Baba ya ce ya yarda. Ni ma na ce na yarda, ko da yake a gaskiya ban taɓa gyara ko jakar makaranta ba.

Na fara da dubawa, don shi kaɗai na iya. Na hau kan turmi na leƙa saman rufin da kyau, sai na ga abin da ban gane ba. Yadin ya koɗe, wannan ba mamaki, amma ba koɗewar rana kaɗai ba ce. Akwai wasu tabo jajaye-jajaye birjik, ƙanana, kamar an ɗiɗɗiga lalle. Na sa farce a cikin layin ɗinki na kankaro, sai ga 'ya'yan tumatir busassu, da na tattasai, har da 'yan gutsattsarin kuɓewa.

Na same Inna a madafi tana tankaɗe. Na zauna, na yi ta zagaye-zagaye, na tambaye ta lafiyar awaki, sannan na ce ko ta san wani ya taɓa ajiye wani abu a saman motar. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce ita ce, shanya take yi a kai. Ta ce duk gidan nan babu wurin da ya kai shi: baƙi ne yana ɗaukar zafi, awaki ba sa kaiwa, kaji ba sa hawa, ƙasa ba ta shiga. Kauɗar da ke kwana huɗu a tabarma, a can kwana biyu ta bushe ƙarau. Tun da Baba ya kwanta take yanka tumatir ta baza a kai, har maƙwabta biyu sun roƙi wuri ta ba su.

"To, wani abu ne?" ta ce.

Na ce a'a, ba komai, sai dai ina zaton ruwan tumatir yana da tsami, kuma mai yiwuwa shi ya cinye abin da ke hana yadin shan ruwa, ya kuma ruɓar da zaren. Ta ajiye rariya. Can ta ce, a hankali, ita ba ta san motar tana da wani amfani a lokacin ba, mai ita yana kwance. Daga yadda ta faɗa na gane cewa a wancan ranin ba ta sa ran zai sake hawanta ba. Ban gaya wa Baba ba, ban gaya wa Yaya ba. Kwana biyu bayan haka na kafa mata 'yan sanduna huɗu na ɗora tsohon kwanon rufi a kai na shafe shi da baƙin fenti, na ce ga wurin shanya. Ta duba ta ce bai kai na motar ba, amma ta karɓa. Sai yanzu da nake rubutawa, da izininta, maganar take fita.

Tunda na faɗi nata, dole in faɗi nawa, wanda ya fi nata muni, don ni na yi karatu. Na ce bari in wanke rufin tas kafin komai. Na kaɗa sabulun gari, irin na wankin kaya, a bokiti har ya yi kumfa, na ɗauko buroshin wankin taya mai tauri, na dirje shi da ƙarfina. Ya fito fes. Da ya bushe na zuba ruwa da buta in gani, sai ruwan ya shige kamar na zuba a rariya. Ɗan abin da tumatir ya bari, ni na ƙarasa shi. A wurare biyu ma buroshin ya tsinke zaren ɗinki. Ya kamata a ce na sani, aikin sabulun gari ke nan, ya cire maiƙo, kuma maiƙon ne nake nema. Ranar ban iya cin tuwon rana ba.

Wani direban motar haya da muke sallah tare shi ya ce in je Kwanar Dangora, akwai wani tsoho mai ɗinkin tamfol na manyan motoci. Na hau acaɓa na je. Na same shi a rumfa, ya shimfiɗa tamfol a cinya, yana zura basilla, wato babbar allurar nan ta ɗinkin buhu, amma tasa siririya ce. Na durƙusa na gaishe shi, na kwashe labari na faɗa, har da na sabulun. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama sai ya tambaye ni a ina ruwan yake ɗiga. Na ce ko'ina.

Ya ce ba ko'ina ba ne. Ya ce yadi mai kauri ba ya saurin ba da ruwa ta tsakiya, sai ya jiƙe ya yi nauyi tukuna. Inda ruwa yake fara shiga shi ne ramin allura. Kowane ɗinki rami ne, zare ne ya toshe shi, idan zaren ya ruɓe ramin ya buɗe. Sai ya ɗauko wani dunƙule mai ruwan ƙasa daga aljihu, ya ja zarensa a kai sau uku, ya miƙo mini in shinshina. Kakin zuma ne.

Na ce ko zan kawo masa motar ya ɗinke. Ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan ramuka yanzu, kuma aikin ba na mai sauri ba ne. Idan aka sa keken ɗinki, ko aka huda sabon wuri, an ninka ramukan ke nan, an kuma raunana yadin. Dole a zare tsohon zaren kaɗan-kaɗan, a bi tsofaffin ramukan ɗaya bayan ɗaya da zare mai kaki.

"Kai ba ka ce ba ka da aiki ba?"

Na ce haka ne.

"To ga shi ka samu, ɗana. Kada ka huda inda ba a huda ba. In ka zo shafa kakin a jikin yadin kuma, kada ka ba shi abin da ya fi ƙarfin cikinsa. Kaɗan, ya shanye, ka ƙara."

Ya ba ni allura ɗaya, ya nuna mini irin zaren da zan nema, ya kuma yanko mini guntayen tsohon tamfol guda uku in yi gwaji.

Kakin a kasuwar Tudun Wada na same shi, wurin masu zuma da ke saukowa daga wajen Falgore. Su zumar suke sayarwa, saƙar da aka matse ba su cika damuwa da ita ba. Suka yi ta dariya da na ce mota zan shafa wa. Ɗaya ya ce in yi hankali kada ta tashi sama. Na dawo da leda cike, na narkar da shi a tsohuwar tukunya da na ɗora a cikin wata mai ruwan zafi, don kada ya kama wuta, na tace da wani tsohon kallabin Inna, na zuba a gwangwanaye ya daskare.

A nan ne karatuna ya ɗan yi amfani, ko in ce halina. Ban taɓa motar ba sai da na gwada a guntayen nan uku. Na farko na haɗa kakin da man gyaɗa, ya shiga yadin da kyau, amma kafin kwana biyu tururuwa ta yi masa layi. Na biyu na haɗa shi da kyandir rabi da rabi, ya hana ruwa, amma da na ninke guntun sai ya yi farin layi ya tsattsage, rufin da ake naɗewa kuwa ba zai jure wannan ba. Na uku kaki ne da ɗan kyandir kaɗan. Na ninke shi, na ware, na bar shi a rana, na jiƙa shi, na sake ninkewa, ina yi ina rubuta abin da na gani a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa, wadda daga baya ta ɓace. Yaya yana wucewa zai tafi gona ya ce, "Furofesa, an kusa kammala binciken, ko sai an kira taro?" Na ce saura kaɗan. Ya ce damina ba ta jiran sakamako.

Ya kamata in faɗa, don kada wani ya karanta wannan ya je ya ɓata motarsa, cewa na ji akwai ruwan magani da ake yi musamman don irin wannan rufi. Wanda zai iya samun na gaske, ina ganin ya fi masa. Ni ban samu wanda na amince da shi ba, kuma kwanaki suna tafiya. Ba na cewa hanyata ita ce daidai. Ina faɗin abin da na yi ne kawai.

Ɗinkin ya ci mini kwana tara, ko goma. Muka tura motar ƙarƙashin rumfar da ake ajiye amalanke, don ruwa. Kullum bayan na karya sai in hau turmi, in zare tsohon zare kamar tsawon tafin hannu, in ja sabon a kan kaki, in nemi ramin farko. Daga sama a zura, a sauko a shiga cikin motar a karɓa, a mayar ta rami na gaba, a fito a hau. Inda hannuna ke kaiwa ta taga na samu sauƙi, amma layin tsakiya sai da na yi ta hawa da sauka har cinyoyina suka yi tsami. Wasu ramukan sun toshe da datti, sai na ɗaga yadin ga haske kafin in gan su. Sau da yawa zuciyata ta ce in huda kusa da shi kawai, wa zai sani. Iya sanina ban huda ba. Idan na yi, bai wuce sau ɗaya ba, a kusurwar hagu ta baya, kuma ba da gangan ba.

Baba ya fara sa a fito masa da kujera bakin rumfar da hantsi. Ba ya cewa komai a kan aikin. Labarin gonaki yake ba ni, wane ne ya fara shuka irin masara kaza a Kiru, wane ne ya ƙi taki har shekara uku sannan ya zo yana roƙo. Ni kuma ina amsawa da allura a baki.

Da ɗinki ya ƙare na sake wanke rufin, wannan karon da ruwa zalla da tsumma mai laushi, na bar shi a ɗage, iska tana ratsa shi, har kwana biyu. Tsohon ya gargaɗe ni cewa idan aka shafa kaki a kan danshi an rufe ruwa a ciki ke nan, fumfuna za ta ci yadin daga ƙasa. Haka kuma kada a taɓa naɗe rufin yana jiƙe. Rana ta uku aka wayi gari sarari. Muka turo motar fili. Na goga dunƙulen kakin a jikin yadin, siriri, kamar ana shafa wa yaro mai, na bar rana ta ɗumama shi. Sannan na sa garwashi kaɗan a dutsen guga, na shimfiɗa takardar buhun siminti a kai, na bi a hankali, kakin yana narkewa yana shigewa, yadin yana komawa baƙi wuluk a bayan hannuna. Tagar roba na rufe ta da kwali, don zafi kaɗan zai lanƙwasa ta. Na yi shafi biyu, kwana ɗaya tsakani, na ƙara na uku a kan layukan ɗinki kawai.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne ƙudan zuma. Ƙamshin ya jawo su, suka yi ta shawagi a kan motar har kwana uku. Inna ta ce da shanyarta da wannan ba ta san wanne ya fi ba, ita dai tumatir bai taɓa harbin kowa ba.

Ranar gwaji na cika buta na miƙa wa Yaya, na ce shi ya zuba. Ya zuba a tsakiya. Ruwan bai kwanta ba. Ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarowa kamar a kan ganyen gwaza, ya zubo ta gefe. Baba ya tashi daga kujera, ba wanda ya riƙe shi, ya zo ya taɓa wurin da yatsa, ya duba yatsan. Yaya ya ce buta daban, marka daban. Na ce gaskiya ne. Ni ma abin da ke raina ke nan.

Muka tashi da safe bayan an karya. Yaya ke tuƙi, Baba a gefensa da rigar sanyi, ni a baya, a 'yar kujerar da ba a yi ta don mai dogayen ƙafafu ba, buhun masara na tsarabar Gwaggo a gefena. A ƙarƙashin buhun na ɓoye ƙaramin kwano da tsumma. Har muka wuce Tudun Wada rana ake yi, ina ta addu'a biyu masu karo da juna: kada a yi ruwa, kuma a yi, don in sani.

Muna shiga dajin Falgore gabas ta haɗe. Iska ta fara kaɗa bishiyoyi, muka ga wasu makiyaya suna kora shanu gefen hanya suna jan malafunansu. Sai ruwa ya sauko gaba ɗaya, ba yayyafin gargaɗi. Wanda bai taɓa zama ƙarƙashin rufin yadi a cikin ruwa ba ba zai gane ƙarar ba. Ba irin ta kwano ba ce, tana da taushi, kamar ana kaɗa ganga da tafin hannu a saman kanka. Waifa ta kasa share gilashin, Yaya ya rage gudu ya kunna fitila. A wurin ba a son tsayawa saboda tsoron 'yan fashi, don haka muka ci gaba a hankali.

Ni ban ga hanya ba, sama nake kallo. Ina bin layukan ɗinkin da ido, daga gaba zuwa baya, in sake komawa. Yaya kuma kowane ɗan lokaci sai ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya shafa yadin a saman kan Baba, ya duba tafinsa. Ya yi haka ya fi sau goma. Baba ya ce masa ya riƙe mota da hannu biyu, idan ya jiƙe shi zai fara sani.

Mun yi nisa a dajin sai na ji sanyi a bayan wuyana. Ɗigo ɗaya. Na ce gumi ne. Sai na biyu. Na juya a hankali, na ga ruwa yana taruwa a kusurwar hagu ta baya, daidai inda yadi ya haɗu da tagar roba, yana kumbura ya faɗo. Na zaro tsumman na danna a wurin, na jingina kaina a kai kamar mai gyangyaɗi. Haka na zauna har muka fita daga dajin, wuyan rigata ya jiƙe, ruwan yana bin bayana. Ba wanda ya waiwayo.

Muka isa Doguwa ruwan ya koma yayyafi. Yaya ya fito ya zagayo ya buɗe wa Baba ƙofa, ya shafa kafaɗarsa, ya shafa hularsa, ya shafa kujerar. A bushe. Gwaggo tana bakin zaure a kan tabarma, ta rantse ba za ta jira a ɗaki ba. Da ta ga Baba ya taka da ƙafarsa sai ta rufe fuska da mayafi. Suka daɗe suna gaisawa, kowa yana tambayar jikin ɗan'uwansa, ba mai ba da amsar gaskiya.

Da na so, da maganar ta ƙare a nan. Rigata mai duhu ce, kuma kowa ya ɗan jiƙe tsakanin mota da zaure. Amma aka kawo fura na kasa sha. Sharaɗin a kan Baba aka yi, na sani, sai dai abin da Yaya yake tsoro shi ne rufi mai yoyo, kuma rufin ya yi yoyo. Idan na yi shiru, wata rana Baba zai zauna a inda ruwan zai same shi, ni kuma na sani ban faɗa ba. Na ajiye ludayi na ce ina da magana. Na ce ya zubo, ta baya, a kaina, tun tsakiyar daji.

Yaya ya tashi ya fita. Ta ƙofar zaure muna hango shi ya buɗe motar, ya shiga baya, ya daɗe yana latsa kusurwar. Ya dawo da tsumman a hannu, da kwanon da na ɓoye, ya ajiye su a gabana.

"Har da kwano ka zo?"

"Don ko da za a buƙata."

Gwaggo ta tambayi abin da ake ciki, Baba ya ba ta labari a taƙaice. Ta ce ita ba ta ga abin shari'a ba, wanda ya yi ɗinkin shi ruwan ya samu, ai an yi adalci. Yaya bai yi dariya ba tukuna. Ya tambaye ni ko na san dalilin yoyon. Na ce ina zargin abu biyu: ko ramin da nake tsoron na huda, ko kuma don na ji tsoron kai dutsen guga kusa da robar, kakin bai shiga wurin sosai ba. Ya ce zai gyaru? Na ce ina ganin zai gyaru, amma ba zan yi alkawari ba sai na duba.

Ya juya wajen Baba. Baba ya ce shi dai ga shi a bushe, sauran magana ta Yaya ce, shi ya kafa sharaɗi. Yaya ya ɗauki ludayinsa, ya juya furar, ya ce tun daga Tudun Wada har nan, ruwan da aka yi ko motar haya mai rufin ƙarfe sai ta ɗiga ta wani wuri. Ya ce a bar mai walda ya huta.

"Amma kai za ka riƙa zama a baya," ya ce, "har sai ka toshe."

Na toshe shi a satin da muka dawo. Na narkar da kaki a cokali, na bi kusurwar da gashin kaza, a hankali, ba tare da wuta ta kusanci robar ba. Na kasa tantance wanne ne cikin zargin nan biyu ya jawo yoyon, kuma ba na son in faɗi abin da ban tabbatar ba. Daga ranar dai bai ƙara ɗiga ba a sauran daminar. Tun daga lokacin, kowace shekara kafin ruwan farko, ina wanke rufin da ruwa zalla, in duba ɗinkin, in ƙara shafi ɗaya siriri. Na samu aikin koyarwa daga baya, na yi abubuwan da aka yaba mini a takarda, amma idan aka tambaye ni aikin da na yi da hannuna wanda ba na jin kunyar a duba shi kusa-kusa, wannan ne.

Akwai wuraren da ni da Yaya muka saɓa. Shi ya ce ruwan tun kafin mu shiga daji ya fara, kuma sau uku kawai ya shafa rufin. Inna ta ce maƙwabciya ɗaya ta ba wa wurin shanya, ba biyu ba. Tsohon mai tamfol na koma in yi masa godiya na tarar ya tashi daga rumfar, don haka ban samu na tabbatar da kalmominsa daga bakinsa ba. Duk wanda ya ga wani ɓangare na wannan al'amari, a Kiru ko a Kwanar Dangora ko a zauren Gwaggo, ya kuma ga na kauce, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara ta hannun mutanen gidanmu. Zan karɓa, in sa shi a inda ya dace.